Tatsuniyar Kaka a Takarda

A Limawa duk unguwarmu babu mai tatsuniya kamar kakata. Ta tsufa, idonta ya tafi, ba ta daka ba ta kaɗi. Abin da ya rage mata a gidan shi ne tabarmarta bayan cin tuwo, da yaran da ke cika ta.

Shekarar da aka buɗe makarantar boko, wani Bature ya sa baffana, babban ɗanta, ya rubuto masa tatsuniyoyi don karatun yara. Baffa malami ne mai ji da kansa. Ya sa aka kawo Kaka zaure da rana tsaka, alhali ko yaro ya san ba a tatsuniya da rana. Ta yi ta don ba ta iya yi masa musu.

Ta ɗauko ta marainiyar da ta faɗa rijiya tana waƙa, yara na amsawa. Ya katse ta.

"Inna, waƙar nan maimaici ce kawai, a cire. Kuma yarinyar kirki ba ta mutuwa a labarin yara. Sai a fito da ita, a rufe da darasi."

"Malam, waƙar ce ke hana ƙananan barci," in ji ta. "Kuma yaran nan sun ga gawar ƙannensu, me za ka ɓoye musu?"

Ko ɗago kai bai yi ba, ya ci gaba da rubutu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Da aka bugo littafin, ɗan baffa, wanda ke zuwa makarantar, ya zo da shi gida. Kaka na cikin ba da labarin marainiyar ya ce, "Tsohuwa, kin rikice. Ba haka yake a takarda ba, yarinyar ba ta mutu ba." Yara suka kwashe da dariya. Jika ne, wasa tsakaninsa da ita halal ne, don haka babu babban da ya tsawata masa. Shi ma ya sani, shi ya sa ya ƙara da cewa haƙoranta sun zube da rabin labarin.

Washegari da magariba ta shimfiɗa tabarma. Yaran kuwa duk suna zaure, ana nuna musu hoton rijiya. Ni kaɗai na zauna, ita kuma ba ta gani. Ta fara, ta kai wurin waƙa, ta rera, ta dakata. Na amsa iya ƙarfina.

"Ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce, Kaka."

Ta shafa gefen tabarmar inda babu kowa. Can ta ce in je in tambayo mata yadda aka ce labarin ya ƙare, ta gyara nata, ko sa dawo.