Bas ɗin Surukina

Kwanan baya na ji ana hira a rediyo kan wasu motocin bas na ƙasashen waje masu aiki da iskar haidirojin maimakon fetur. Wai ba sa hayaƙi, amma iskar ta yi tsada har an jingine wasunsu. Ban san komai a kan iskar nan ba. Amma na san yadda gida ke zama idan mai ya gagari mota, domin saura kaɗan in ga haka a gidan surukina.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba sai ga wahalar mai. A lokacin fetur nake sayarwa a galan, a bakin titi a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Da tsada nake samowa, da tsada nake sayarwa, amma ban taɓa gauraya shi da kananzir ba, kuma direbobi sun shaide ni da haka. Mahaifin matata kuwa yana da tsohuwar bas da yake jigila da ita tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Da ita yake ciyar da gidansa, ba shi da wata sana'a.

Kullum ta gabana yake bi. In durƙusa in gaishe shi, ya ɗaga hannu, ya zarce wajen masu galan na gaba. Kowa ya san dalili: dattijo ba ya tsayawa ciniki da mijin ɗiyarsa. In na yanka masa farashi na yi rashin kunya, in na ce ya bar kuɗinsa na kunyata shi. Su kuwa na gaban, da kananzir suke cika galan. Motar ta fara tari, tana mutuwa a hanya. Wani direba ya ce ya ga fasinjoji suna tura ta kusa da Ambursa. Bakanike ma ya gaya wa surukin nawa injin ba zai kai damina ba.

Wata rana matata ta dawo daga gidansu ranta a jagule. Ta ce Baba ya fara zancen jingine motar. Cikin hira ta ambaci cewa shinkafa ta cika masa ɗaki, domin tun da kuɗin mota ya tashi, manoman Gulma da Ambursa da shanshera suke biyansa, wato shinkafar da ba a casa ba. Shi kuma ba ya iya sauke mutumin da ya shekara da shekaru yana ɗauka.

Ni ɗan kasuwa ne, ina jin shinkafa na gyara zama. Uba ya ba ɗiyarsa abinci, wannan girma ne. Ɗiya ta kai wa ubanta abin da ke ɗakinta, wannan ma ba abin kunya ba ne. Na cika jarka da fetur, na ba matata, muka sa mai baro ya bi ta da ita.

Ta ce Baba ya dubi jarkar, ya tambaye ta.

"Daga ina wannan?"

"Daga ɗakina, Baba."

Ya buɗe, ya tsoma yatsa, ya ɗaga shi a iska. Nan take ya bushe, babu maiƙon kananzir. Sai ya rufe jarkar a hankali.

"Allah shi yi albarka. Ki tafi da buhun da ke bayan ƙyaure, yara su ci."

Haka muka ci gaba, jarka ta tafi, buhu ya dawo, ba wanda ya taɓa auna na wani. Abin da ya fi ƙarfin tukunyarmu sai in ba matan unguwa su turara, a casa, in kai kasuwa. Wani zuwan in ci riba, wani zuwan in faɗi, ban kuma taɓa gaya wa matata wanne ne wanne ba. Ta wannan ƙofar na shiga cinikin shinkafar da nake yi har yau.

Har Allah Ya yi masa rasuwa ba mu taɓa zancen ba, sai sau ɗaya. Damina ta faɗi, ina jera galan da safe, sai ga bas ɗin ta tsaya a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba. Bai kashe injin ba, bai kuma dube ni ba, hanya yake kallo.

"Mota ta bar tari," ya ce.

Na durƙusa na ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Ya sa giya, ya nufi Argungu da mutanensa.