Jan Zare a Wuyan Kuɓewa

Shekaranjiya ina neman takardar likita a durowa, hannuna ya bugi wani tsohon gwangwanin madara, ya yi kacau-kacau. Na manta da takardar. Na zauna bakin gado da gwangwanin a hannu. Irin kuɓewa ne a ciki, mai karatu, ba wani abin duniya ba. In labarin dukiya kake jira, wuce gaba.

Ina da shekara shida aka kawo mu Rillieux, wata unguwa a gefen birnin Lyon, can ƙasar Nasara, ni da inna, muka iske baba a bene na tara. A gida manomi ne, mai gona uku a ƙasar Damagaram. A nan amalanke yake turawa a wata masana'anta da har ya rasu bai iya faɗin sunanta daidai ba. Ranar da za mu taso, kakata, wadda ta haifi baba, ta ƙulle irin kuɓewarta a tsumma ta cusa cikin kayan inna. Gajeriya ce, mai kauri, da jan layi a gefe. Ta ce wurin uwarta ta gaje ta, kada ta ɓace a hannun ɗanta.

Da aka ba baba ɗan fili a lambun ma'aikata, bayan gidajenmu, wanda bai wuce faɗin tabarma goma ba, sai na ga ya fara tafiya da sauri kamar saurayi. Cikin Maris aka yi ruwa mai ƙarfi. Ya tona ƙasa da hannu, ya ga laima ta kai wuyan hannunsa, ya ce an yi ruwan shuka. Maƙwabcinmu a lambun, wani tsohon Nasara mai hular ulu, ya leƙo ta shinge ya ce in gaya wa baba ya jira tsakiyar Mayu ta wuce. Ni ne tafinta, da faransancin da na koya wata biyar a lakwal, wato makaranta. Baba ya ce in yi masa godiya, in kuma tambaye shi ko ya taɓa ganin manomi ya zauna bayan an yi ruwa. Ban fassara wannan ba. Rabin irin ya tafi cikin wannan ƙasa mai sanyi, ko ɗaya bai fito ba. Da ya tona, sai ruɓaɓɓu.

Tsohon bai yi dariya ba, har yau ina tuna masa wannan. Ya cire takalminsa ya taka ƙasa, ya sa baba ya yi haka. Ya ce a nan ba ruwa ake jira ba, ruwa kullum ne. In ƙafarka ba ta iya tsayawa a kan ƙasa, iri ma ba zai iya ba.

Shekara ta biyu baba ya koyi abin. Ya jiƙa iri kwana guda, ya shuka a robobin yawur, nonon kanti, ya jera su kan shofaji, ƙarfen ɗumama ɗaki, kusa da taga. Falonmu ya riƙa warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, inna tana mita tana zuba musu ruwa a ɓoye. Ƙarshen Mayu ya dasa su jikin bango mai shan rana, ya shimfiɗa baƙar leda a gindinsu don ƙasa ta riƙe zafi. Suka yi fure rawaya. Muka ci miya har na lashe yatsa, baba yana kallonmu yana ci a hankali. Sai ya yi yadda ake yi a gida: ka ci na fari, ka bar na ƙarshe su bushe a kara, su ne iri. Wata safiya cikin Oktoba muka iske raɓa ta daskare a kan ganye. Kafin azahar komai ya yi baƙi ya langaɓe. Baba ya fasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ƙwayoyin farare ne, da taushi, ba su nuna ba.

A wannan sanyin saƙo ya zo cewa kaka ta rasu. Bayan zaman makoki baba ya aika a tambayi irinta. Aka ce an raba gidan, bayan ɗakinta inda take shuka ya zama turken awaki, ba wanda ya adana komai. Ya kwance tsumman a kan tabarmar salla. Ƙwaya goma sha ɗaya.

Huɗu suka tsiro, uku suka rayu. Wannan karon da 'ya'yan fari suka fito, baba ya zare jan zare daga bakin tsohon rawaninsa ya ɗaura wa kowane a wuya. Ya ce na fari su ne iri, domin su kaɗai za su samu ranar bushewa. Duk furen da ya biyo baya kuma tsinke shi yake yi, don ƙarfin ya tafi ga masu zare. Ba miya bana ke nan.

To inna tana da ciki wata bakwai, kuma babu abin da ranta ke so sai ɗanyar kuɓewa. A lokacin ba a samunta a kantunan unguwarmu. Shinkafa ba ta zama mata, taliya ba ta zama. Ba ta taɓa roƙonsa ba, amma tana ramewa, yana gani. Wata Lahadi da hantsi ya ɗauki wuƙa ya sa aljihu ya fita. Inna ta ga wuƙar. Ta yafa mayafi ta ce in riƙe mata hannu. Asansar, na'urar hawa bene, ta lalace ranar, kamar kullum, muka sauko bene tara tana hutawa a kowane hawa.

Muka iske shi durƙushe gaban kuɓewar, wuƙa a hannu, bai yanka ba tukuna. Ta dafa kafaɗarsa don ta samu numfashi.

“Malam, mayar da wuƙar nan. Kwaɗayina na wata biyu ne. Wannan kuwa ta tsohuwa ce.”

Ya ce tsohuwa da kanta ba za ta bar mai ciki da yunwa ba. Inna ta ce ai shi ya sa ta koya mata abin da shi bai sani ba, tun da namiji ne, ci kawai ya iya. Ta sa ni na tsinko ganyen ƙasa-ƙasa, biyu daga kowane gindi. Da muka koma gida ta yanka su ƙanana, ta jefa ɗan kanwa, miya ta yi yauƙi kamar ta gaske. Ta cinye tuwonta tas. Baba ya tashi ya tsaya a taga, ya daɗe yana kallon filin ajiye motoci.

Kafin sanyi ya sauko ya tumɓuke su da saiwa, ya rataye su kai ƙasa a lungun shofaji. Ranar sunan ƙanwata ya ciro ɗaya, ya bushe ƙayau, ya kaɗa shi a kunnen jaririyar. Kacau-kacau. Ta buɗe ido.

Yau lambun nan an shafe shi da kwalta. Baba da inna sun riga mu gidan gaskiya. Ni ina birnin Pari, shekara ashirin ina dakon kaya a babbar kasuwar Rungis, bayana ya lalace a can. Kwalayen kuɓewa nawa na ɗauka, dogaye, duk kamarsu ɗaya, ba ɗanɗano. 'Ya'yana kuwa in sun ga yauƙi sai su yamutsa fuska su yi mini faransanci. Na yi fushi, na bar shuka shekara uku, kamar iri ne ya yi mini laifi. Iri kuwa yana tsufa ko a gwangwani. Kuma balkona, wato barandata, arewa yake kallo, rana ba ta san shi ba.

Jiya na kira ƙanwata a Lyon, ita nata yana kallon kudu. Na ce zan jiƙa su ƙarshen Afrilu, duk wanda ya tsiro zan kawo mata da kaina a jirgin ƙasa. Na ce ta kula, tun da ita ce ta so cinye su tun tana ciki. Ta yi dariya, ta ce, “Yaya, kai dai kawo. Rawanin baba yana wurina, da sauran zare a bakinsa.”