Lurwanu, Wanda Aka Ce Ya Ɗaure Ruwa

Lurwanu Mato taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ina da ikon faɗin aibunsa, kuma zan fara da babban: tsoron ruwan sama. A ƙauyenmu na kusa da Ibohamane, in hadari ya haɗo mata guɗa suke yi. Shi kaɗai ne gabansa ke faɗuwa.

Ya je ci-rani Abijan kamar kowane saurayin ƙasarmu ta Adar. Wasu suka dawo da keke da rediyo, shi ya dawo a 1976 da gita. Ta katako ce, amma an manna mata wani ɗan ƙarfe a bakin ramin cikinta, mikiro yake kiransa, da waya mai zuwa wani akwati mai cin pil, wato batir, guda takwas. In ya jona, har bakin rijiya ake jin kiɗan. Na ce masa ya kai ƙarfinsa bakin teku ya sayo ƙwarya mai wutsiya. Amma ranar da ya fara kaɗawa a dandalin samariya, ni ce a sahun gaba.

Bayan shekara biyu, a wani biki a Buza, ɗan yayyafi da bai jiƙa ko hula ba ya shiga mikiron. Abin ya yi ta tari, ya mutu. Sai da Lurwanu ya sake rani biyu a Abijan kafin ya samo wani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Daga nan ya zama abin kallo. Ya toshe gefen ramin da waya ke shiga da kakin zuma, ya naɗe mahaɗar da robar tayar keke. Akwatin ba ya taɓa ƙasa, a kan kifaffen turmi yake zama, ga masaki a gefe na kifa masa. Gitar kuwa ya ɗinka mata riga da ledar buhun taki, kullum tana ninke ƙarƙashin cinyarsa. Ko ina aka shirya masa wuri, sai ya juya ya fuskanci gabas, don daga can hadari ke tasowa. Da iska ta fara sanyi zai zare pil, yana cewa, "Allah ka dakata mini kaɗan." Kowa ya san wannan addu'ar tasa, kowa yana dariyarta. Ni na laƙaba masa Mai-leda.

A damanar tamanin da huɗu dariyar ta ƙare. Hadari ya haɗo, iska ta watsa shi. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, gonar Lurwanu ma haka, amma ba wanda ya duba wannan. Wata rana bayan la'asar wani dattijo, Kalla, ya yi magana a ƙofar masallaci.

"Mutum shina kallon gabas shina motsa baki, shekara nawa? Mu muna roƙo, shi shina ɗaurewa."

Kalla ba mugu ba ne, ya binne jikoki biyu a shekarar. Duk da haka har yau in na tuna raina ɓaci yake. Maza suka daina ba Lurwanu hannu. Matarsa Furera in ta je rijiya sai kowa ta janye guganta. Ya rataye gitar a ɗaki, ya rame, ya bar kallon sama a gaban mutane. Har shi da Furera sun fara shawarar barin garin.

Damanar gaba ta makara ita ma. Ana cikin wannan zullumi 'yata Sauda ta haihu. Don haushi na je har gida na ce ya zo ya kaɗa mini a suna.

"Taubashiya, ki bar ni," in ji shi. "Ba ki ga abin da a ka hwaɗi ba?"

"Na gani. In ba ka zo ba, ni ma in ce kai ka ɗaure."

Ya zo, da turminsa da masakinsa da ledarsa. Mutane suka taru daga nesa-nesa, Kalla yana kan tabarmar dattawa. Bai gama waƙa ta uku ba gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta kaɗa. Wallahi ba wanda ya kalli hadarin, bakin Lurwanu kowa ke kallo.

Na ga hannunsa ya tafi ƙarƙashin cinya. Ya jawo ledar, ya miƙe, ya kai ta gaban Kalla ya ajiye.

"Baba, riƙa mini wagga."

Ya koma ya zauna, ya ba gabas baya, ya ci gaba da kiɗi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Akwatin ya yi ƙara, ya shaƙe, ya yi shiru. Shi bai tsaya ba. Yatsunsa na tafiya a kan tsirkiya, ruwa na kwarara cikin ramin gitar, ba mai jin komai. Mata na guɗa, yara na tsalle a taɓo, ni ina kuka, don na san rani nawa ya ci kafin ya sami abin nan.

Washegari a hanyar gona Kalla ya ba shi hannu, ya ce, "Ai mun san ba kai na ba." Na buɗe baki, Lurwanu ya taka mini ƙafa.

Kwana bakwai ya binne mikiron cikin ƙaiƙayi ko zai bushe. Bai tashi ba. Katakon ma ya kumbura ya buɗe. Lurwanu bai sake zuwa Abijan ba, ya yi ta nomansa har gashinsa ya yi fari, mutane na ba shi hannu. Amma duk sanda iskar hadari ta kaɗa muna zaune, sai in ga hannunsa ya tafi ƙarƙashin cinya yana laluɓe. Ban taɓa tsokanarsa a kan wannan ba.