Kwanon da Kaka Take Rufewa

A ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Suki, in an sallame Isha lokacin tsinkar auduga, babu mai neman mu ya rasa. Muna gindin murhun Kaka, tana tura karan auduga cikin wuta, jabana, tulun gahawa, na tafasa a gefe. Yaran maƙwabta na ce mata Habboba kamar yadda Larabawa ke kiran kakanninsu, ni kuwa ba ta yarda ba. "Maigida guda ya kira matarsa Habboba? Ka tsufar da ni?" Haka take tsokanata, ni ma ban raga mata.

Tatsuniyoyinta duk da dariya ake tashi, ban da guda. Ita wannan sai ta dubi zauren da kakanmu Malam yake karatu, ta rage murya.

Wani yaro ne, in ji ta, ya tsinci ƙwarya a bakin kogi, ya rufe ta da fata, ya ɗaura mata izgar doki. In ya goga, masu tsinkar auduga kan saki buhu su tsaya. Ubansa malami ne, ya ce gidansu ba a taɓa roƙo ba tun daga Sakkwato, ya zaɓa, ko ƙwarya ko gida. Yaro ya shiga kwalekwale, uwarsa na tsaye a gaɓa da tuwonsa a hannu. Nan Kaka kan rera a hankali: "Inna, aje min tuwona, ruwa ka kai ni, ruwa ka maido ni."

"Mi as sunan yaron?" mukan tambaya.

"Ba ya da suna."

"Ya dawo?"

"Ku tai ku kwanta."

Ran nan tana tsakiyar waƙar muka ji karatun zaure ya tsaya. Malam ya fito ya tsaya kanmu, ya sa ƙafa ya ture itacen wutar. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushinsa. Kaka ta miƙe ta ɗauki kwanon da kullum take zuba tuwo ta rufe ta ce na baƙo ne, ta shiga ɗaki. Baƙon nan bai taɓa zuwa ba. Da safe mu muke cinyewa.

Na girma, Malam ya rasu, na zama malamin makaranta a Hasahisa. Wata rana a shagon gyaran waya, mai shagon ya ce in saurari wasu tsofaffin waƙoƙin goge da aka tono daga kaset, aka wanke muryar aka sake fitarwa. Da Larabci aka soma, ina ji ina rainawa. Ta uku ta zo da Hausa: Inna, aje min tuwona. Na karɓe wayar. Mutumin da ke hoton jikin waƙar da goshin babana ya zo, an rubuta Haruna, gaban sunan kuma an sa marigayi.

Na kira Baba. Na gaya masa, ya ce: "Yayana na, ɗan farin kakarka. Kak ka kai mata. Ran da tas sani ya mutu, ita ma ta tahi."

Sai a lokacin na gane. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Malam ya hana a ambace shi, ita kuma al'ada ta riga ta rufe mata baki, shi ya sa ta mayar da ɗanta tatsuniya.

Na tura waƙar cikin wayata, na yi ta saurare har na haddace, raina na gaya mini muryar ɗanta ce, ba mu da ikon ɓoye mata. Ban ji maganar Baba ba, na hau mota.

Na iske ta kan angarib, gadonta na igiya, ido ya tafi, kwano rufe a ƙasa. Na kunna mata waƙar. Ba ta motsa ba har waƙar ta ƙare.

"Maigida, ina yake?"

Na ce an dai rubuta sunansa a jiki.

"Karanta min. Duka."

Na karanta sunan, na tsallake kalmar marigayi. Ta juyo fuskarta wajena.

"Kai ba ka iya ƙarya ba tun kana tsirara." Ta ɗaga hannuwa sama. "Allah shi jiƙan Haruna."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ran nan. Ta laluba da ƙafa ta turo min kwanon. "Buɗe ka ci, da ɗuminsa."

Ba ta mutu ba kamar yadda Baba ya ji tsoro. Ta ga wata damina, kullum sai an kunna mata. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Muna yara mun ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai ƙin maganar uba. Ashe jira take koya mana, kuma ni na kawo mata ƙarshensa a aljihu. Daga ranar ba ta sake rufe kwano ba.