Turken Gwauruwa

Ina firamare a Jalingo lokacin mulkin soja, Kaka ta baro Kona ta dawo gidanmu a Kachalla Sembe. Da an ci tuwo sai ta ja kujerarta bakin murhu, ta tura masara cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Hausarta ta kasuwa ce, mace ma "shi" take ce mata, amma in ta ce, "Ga ta ta iso," ko tari ba ka ji.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wani gari a gindin dutse. A can, duk wanda ya yanka wa kakanni bijimi ya ciyar da gari, sai a sassaƙa masa turke mai ƙaho biyu a kafa a ƙofar gidansa. Mai turke ne kawai ke da baki a taron dattawa.

Wata gwauruwa ta yi ta noman doya har ta mallaki bijimi. Ta yanka, gari ya ci, dattawa suka suɗe hannu. Da ta nemi turkenta, sai babbansu ya ce mace ba ta da turke.

A nan Kaka kan buga sanda a ƙasa. "Sai shi ce musu, da kuna cin nama, kun tambaya ko na mace ne?"

Masassaƙi ya ƙi taɓa mata icce. Ta ɗauki gizagon marigayi mijinta ta sassaƙa da kanta. Dattawa suka tuge, ta mayar. Suka ƙone shi. Sai ta saro ɗanyen reshen ceɗiya, ta fitar masa da ƙaho, ta kafa, ta zauna a gindinsa da adda a cinya. Damina na sauka ya yi saiwa. Nasu kuwa gara ta cinye.

Na taɓa tambaya, "Kaka, daga baya sun yarda?"

"Wa ya tambaye su?" in ji ta.

Sai da Baba ya rasu na gane. Ni na yi jinyarsa har ƙarshe, amma da aka zo taron dangi kan gonarsa, wani baffana ya ce mata su jira a waje. Sai na ɗauki kujera na shiga na ajiye ta a tsakiyarsu.

Ya ce, "Wa ya kira ki?"

Na ce, "Baffa, ranar da nake juya ɗan'uwanka a gadon asibiti ma ba wanda ya kira ni."

Ba wanda ya sake cewa in fita.