Jan Ƙarfe a Cikin Baƙin Mai

Ban taɓa mantawa da ranar da sakamakon nan ya shigo ba, wata Talata a tsakiyar bazara, ƙarfe goma da kwata na safe. Ina shekarar ƙarshe a karatun injuna, an turo ni istaj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin kamfani a Dakoro mai kula da injunan foraj, wato rijiyoyin burtsatse, na karkara. Da Shef Isufu, babban makanikenmu, ya ga ba na iya hira da ma'aikata sai sunkuyar da kai, sai ya danƙa mini aikin da babu mai so: karanta sakamakon gwajin baƙin mai.

Ga yadda aikin yake. Kafin a juye mai, ana ɗibar kaɗan a kwalba a aika ɗakin gwaji, su auna ɓurɓushin ƙarfen da ke ciki. A gindin kowane biyel, wato hannun da ke haɗa fistan da sandar da ke juya inji, akwai wani siririn ƙarfe kamar ɓarin munduwa, ana ce masa kusine. Samansa dalma ce mai laushi, ƙarƙashinta jan ƙarfe. Idan ya fara ci, dalma ce take fara bayyana a cikin mai.

Sakamakon na wani foraj ne da ke arewa da Bader Gula. Ɗakin gwaji sun sa masa alamar lafiya, domin babu adadin da ya wuce iyaka. Amma da na jera shi da biyun da suka gabace shi, sai na ga abin da ya wuce su. A baya dalma tana ta hawa. Yanzu ta sauka, jan ƙarfe kuma ya ninka. Saukar dalmar ba sauƙi ba ne, ƙarewa ta yi. Ga shi injin yana shan mai, kullum ana ƙara masa sabo yana tsarma ɓurɓushin, wanda ke nufin ainihin ɓarnar ta fi abin da gwajin ya nuna.

Na daɗe a bakin ƙofar Shef kafin in iya yin sallama. Ya duba takardar, ya cire tabarau.

"Kin karanta daidai, Rabi. Amma injin na komiten ƙauye ne, makulli yana hannun Baba Alkasum. Mu gyara muke yi, ba mu da ikon tsaida shi. Tashi mu tahi, ki hwaɗa mishi da bakinki."

Mun isa bayan azahar. Ban taɓa ganin dabbobi da yawa haka ba. Rijiyoyin yankin duk sun ja baya, kowa ya dawo nan. Kowane garke da layinsa, wasu tun jiya suke jira. Baba Alkasum, dattijon da ke tada injin yana kashe shi, ya shimfiɗa mana tabarma, ya ɗora shayi.

Shef ya canza matatar mai, ya yanka tsohuwar ya shimfiɗa takardarta a rana. Tana ta ƙyalli da jan gari. Na yi bayani: idan aka tsayar da injin yanzu, aka kawo kusine daga Maradi, aikin mako guda ne. Idan aka bari, biyel zai fasa injin, kuma babu gyara.

Baba ya shafa garin da yatsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗiyata, duk wanga a cikin kwalba guda kika gane shi? Shef, wagga yarinya taka ta hi boka." Ya yi dariya, ya miƙo mini kofi. "To, mun ji. Allah shi yi miki albarka."

A hanya na ce, "Shef, ya yarda ke nan?"

"Ya ce ya ji."

Na kira Baba a waya har na fara jin kunyar kaina. Kullum sai ya tambayi iyayena, ya ce ana shawara, ni kuwa ina jiyo ƙarar injin a bayansa. Na rubuta rahoto, aka sa hannu, aka ajiye a ofis. Ban san wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Ba a rufa wata ba biyel ya ɓalle ya huda gefen injin. Da muka je ɗauko shi, kwamin shan ruwa ya bushe har ya tsattsage. Yawancin makiyaya sun kora zuwa rijiyoyi masu nisa. A gefen hanya mun wuce maruƙan da ba su kai ba. Wata Bafulatana tana zaune kusa da saniyar da ta kasa tashi, tana ɗiga mata ruwa daga jarka da tafin hannu. Sabon inji kuwa, an ce sai dai bayan damina.

A makaranta an koya mana gano ciwon inji tun bai yi ƙara ba. Ba a taɓa gaya mana cewa akwai mutum zaune kusa da makullin ba, kuma shi zai kwana cikin mutanen bayan mun koma gari.

Ana ɗaure injin a bayan mota na sami Baba shi kaɗai a inuwar tankin ruwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ban yi niyyar tambaya ba, ta fito da kanta.

"Baba, ba ka yarda da ni ba ne?"

Ya girgiza kai.

"Na yarda da ke tun ran nan, ɗiyata. Na kai maganar gaban komite, kowa ya ce in yi abin da na gani, babu wanda ya ce in kashe. Kwana bakwai babu ruwa a bazara, dole wasu dabbobin su mutu. In ni na murɗa makullin, duk mai saniyar da ta hwaɗi ya san ƙohwar gidana, har jikokina sai an nuna su da yatsa. Yanzu da ya mutu da kanshi, asarar ta hi yawa, na sani. Amma kin ji wani ya ambaci sunana? Kowa cewa yake ikon Allah."