Guntun Fatar da Na Miƙa wa Baƙo

Aikin jima nake yi a wani kamfanin fata a Challawa. Ƙanena shi ya yi karatu mai zurfi, kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Duk hutu yakan tafi duwatsun Mandara, inda shi da abokan aikinsa suka binne na'urori masu jin girgizar ƙasa ta nesa.

Sau ɗaya na tambaye shi me suke nema. Ya ɗauki guntun fata cikin waɗanda nake zuwa da su gida, ya ce, "Yaya, ja ta nan." Na ja, ta ƙi. "To, ja ta can." Ta miƙe. Ya ce haka dutsen can ƙasa yake. An matse shi an ja shi lokacin da tsaunukan suka taso, shi ya sa girgiza ta fi gudu a cikinsa ta wata fuska. Daga bambancin gudun yake gane inda aka ja shi. Na ce, "Ashe kai ma majemi ne." Ya yi dariya.

Zazzaɓi ya ɗauke shi bai gama rubuta bincikensa ba. Duk aikinsa yana cikin wata 'yar baƙar ma'ajiya ta kwamfuta.

Bayan sadakar arba'in, wani mutum ya tare ni a ƙofar kamfani lokacin tashi, ya ce abokin aikin marigayi ne. Ban gan shi a jana'iza ba, ban gan shi a zaman makoki ba.

"Malam, ma'ajiyar nan muke so, a ƙarasa aikin."

"Da sunan wa zai fito?"

"Ai aikin na mutane da yawa ne."

"Na ji. Da sunan wa?"

Ya gyara zaman hularsa.

Na ciro guntun fata daga aljihu na miƙa masa, don a ganina duk wanda ya zauna da ƙanena ya san wannan. Ya jujjuya ta, ya ce, "Mai kyau ce. Ta akuya ce?"

Na ce masa ba a raba gado ba tukuna, ko allura ba ni da ikon bayarwa. Ya bar mini lambarsa ya tafi.

An raba gadon bara. Ma'ajiyar ta faɗo a kason mahaifiyarmu, ta naɗe ta a ɗankwali ta sa a ƙasan akwati. Tana nan, ba wanda ya buɗe ta.

Wataƙila ƙanena bai taɓa nuna wa kowa fata ba sai ni, tunda ni ne ban yi karatun ba. Tunanin nan yakan zo mini ina bakin inji. Amma lambar mutumin, tun ranar na yaga ta.